Tsakanin Abuja da Ƙafur: Waiwaye a Kan Manhaja da Kuɗin Makaranta a Katsina Laka

 

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ba tare da kuɗin sun bi ta hannun gwamnoni ba. Jama'a da dama sun yi murna, amma malaman firamare ba su cikin masu guɗa, domin daga wannan kaso ne ake cire albashinsu, kuma tsofaffinsu ba su manta da abin da ya same su ba lokacin da aka taɓa damƙa albashin a hannun ciyamomi. Hukuncin ya farfaɗo da tsohuwar mas'ala: wa ya cancanta ya tsara abin da yaro zai koya, wa kuma ya wajaba ya biya mai koyar da shi? Gwamnatin tarayya ce, ko jiha, ko ƙaramar hukuma, ko mutanen gari? Wannan maƙala za ta bi sawun mas'alar a yanki guda, wato ƙasar noma ta Ƙafur da Malumfashi da Funtuwa, wadda magabata ke kira Katsina Laka, domin a ganina tarihin yankin ya riga ya gwada kusan kowace amsa, kuma ya nuna abin da kowace ta haifa.

Kafin zuwan Turawa

Katsina Laka ba ƙasar jahilci ba ce kafin a kawo boko. Yusufu Bala Usman, a bincikensa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna matsayin garuruwan kudu irin su Maska da Gozaki, wanda yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Ƙafur, wajen noman auduga da saƙa da fatauci, da kuma matsayin 'Yandoto a matsayin matattarar malamai. Inda duk aka sami rarar hatsi da hanyar fatake, malami yakan sami wurin zama, almajirai su bi shi.

Abin lura a wannan tsari shi ne yadda aka raba nauyi. Kuɗi da abinci na gari ne tsantsa. Uban yaro yana ba da kuɗin Laraba, yana yin sadaka idan yaro ya kai wata sura da aka saba yanka a kanta, yana yin walima ranar sauka. Manomi yana fitar da zakkar hatsinsa da kaka, wani ɓangare ya shiga rumbun malam. Almajirai suna noma gonar malaminsu da damina, matan unguwa suna zuba musu tuwo da dare. Babu baitulmalin da ke biyan malamin allo albashi wata-wata. Ma'aunin karatun kuwa ya fi ƙarfin gari, ya fi ƙarfin masarauta. Yaron Gozaki da yaron Gazargamu riwayar Warshu ɗaya suke karantawa. Wanda ya sauke ya shiga littattafai, a hanya ɗaya zai bi: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har ya kai Muhtasar na Halilu, ga Ajurumiyya a nahawu, ga Jalalaini a tafsiri. Ba wata ma'aikata da ta zartar da wannan jeri. Abin da ya tsare shi shi ne ijaza da sanadi, da kuma kunyar da malami ke ji kada a ce almajirinsa ya je wani gari an same shi da gyara. Littafin Ida'un Nusukhi na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu, shi ne takardar shaidar karatu ta wancan zamani. Kuma takarda ce da ke ci a nesa: Muhammadu al-Katsinawi, masanin hisabi, ya koyar a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Bai kamata mu yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Ya dogara ne da albarkar damina, shekarar fari kuwa makaranta watsewa take yi. Ya bar mata a baya, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka a Nurul Albabi ga malaman da ke karantar da ɗalibai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, kuma sai da Nana Asma'u ta ƙirƙiro tsarin 'yantaru kafin karatu ya isa ga matan karkara. Ya kuma bar Maguzawa a waje gaba ɗaya, alhali suna da yawa a dazuzzukan Ƙafur da Malumfashi. Waɗannan giɓoɓi ba ƙanana ba ne, kuma duk mai kiran a mayar da komai hannun gari dole ya faɗa mana wa zai cike su.

Asali biyu daga magabata

Mai neman hujja daga tarihin Musulunci zai sami asali ga kowane ɓangare. Halifa Usman bin Affan, Allah ya yarda da shi, ya tara mutane a kan mushafi guda, ya aika kwafe-kwafe zuwa manyan birane, ya hana saɓaninsa. Wannan ma'auni ne daga cibiya, kuma al'umma ta karɓe shi. Bayan ƙarni ɗaya da 'yan kai, wani halifan Abbasiyawa, wanda riwayoyi suka saɓa ko Mansur ne ko Rashid, ya so ya ɗora Muwaɗɗa a kan dukkan garuruwan Musulmi. Imamu Malik da kansa ya ƙi, yana mai kafa hujja da cewa sahabbai sun watsu a ƙasashe, kowace ƙasa ta riƙi abin da ya iso mata na ilimi. Mawallafin littafi ya hana a mayar da littafinsa manhajar dole. Idan aka haɗa ƙissoshin biyu za a ga iyakar da magabata suka shata: abin da rarrabuwa a cikinsa ke rusa al'umma a haɗe shi, abin da ijtihadi ke da fili a cikinsa a bar wa kowace ƙasa nata. Ibn Khaldun ya zo daga baya ya siffanta yadda mutanen Magrib ke taƙaita yara a kan Alƙur'ani, mutanen Andalus ke haɗa musu da waƙa da rubutu da Larabci, mutanen Ifriƙiyya ke haɗawa da hadisi. Ya auna amfanin kowace hanya da aibinta, bai ce a shafe sauran a bar ɗaya ba.

A ɓangaren kuɗi ma fiƙihunmu bai yi shiru ba. Ibn Sahnun, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, da al-Ƙabisi, wanda ya rasu a 403, duk Malikawan Ƙairawan, sun yi rubutu a kan ladan malamin yara da wajabcin ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Amma ƙa'idar da ta fi kusa da mas'alarmu tana babin zakka. A mazhabar Malik ana raba zakka ne a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ya kai na ƙasaru sai idan mutanen can sun fi tsananin buƙata, a nan sai a kai musu mafi yawanta. Asali dai gida ne, amma buƙata tana rinjayar kusanci. Haka Umar bin Khaɗɗab, Allah ya yarda da shi, ya yi a shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, da ya nemi Amru bin As ya turo abinci zuwa Madina. Ba ina cewa harajin man fetur zakka ba ne, ƙiyasin ba zai tafi ta kowace fuska ba. Illar hukuncin ce nake so mai karatu ya riƙe, za mu buƙace ta nan gaba.

Zamanin En'e

Da Turawa suka ci ƙasa a 1903 sun tarar da makarantun allo da Lugga ya ƙiyasta daga baya sun kai kimanin 25,000, da almajirai fiye da 200,000. Ba su rushe su ba, ba su kuma ɗauki nauyinsu ba. Sai suka gina wani tsari a gefe. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta buɗe a 1922 a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Makarantun elemantare da na midil kuwa an ɗora su a kan baitulmalin En'e, wanda haraji da jangali ke cikawa.

A nan ne aka fara karkata da tsohon rabo. Manomin auduga na Ƙafur yana sayar da amfaninsa, a kai injin gurza na Funtuwa, a ɗora a jirgin ƙasa, ya biya haraji ga dagaci, kuɗin su tafi birnin Katsina. Daga cikinsu ake biyan malamin elemantare, ba a biyan malamin allon da ke karantar da ɗansa. Shi kuwa makarantar da kuɗinsa ke ginawa bai yarda da ita ba, har idan hakimi ya aiko a kawo yara, wasu sukan ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas. Masu ganin En'e a matsayin misalin mulkin gida su lura da wannan: kusancin ofis ba shi ne amincewar jama'a ba. Duk da haka, En'e tana da wata falala da aka rasa daga baya. Mai karɓar haraji da mai biyan malami da mai duba makaranta hukuma ɗaya ce. Malamin da bai zo aiki ba, dagaci ya sani, hakimi zai ji, labari zai kai ga wakilin makaranta. An san ƙofar da za a buga.

Tsarin mulkin 1951 da na 1954 sun mayar da ilimi hannun jihohi uku na lokacin. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a Janairun 1955, Gabas ta biyo baya a 1957. Arewa ba ta bi su ba, saboda ƙarancin malamai da kuɗi, da kuma tsoron abin da gaggawa za ta haifar. Ta zaɓi horar da malamai da Yaƙi da Jahilci. A zamanin Alhaji Isa Kaita yana Ministan Ilimi aka karɓi rahoton Oldman na 1961, aka yi dokar ilimi ta 1962 wadda ta kafa hukumomin ilimi na yanki, galibinsu kuwa En'e ce aka sauya wa riga. Shi ya sa har yau tsofaffi a ƙauyukanmu ke kiran firamaren gwamnati da sunan L.E.A. A wannan zamani ne kuma aka dasa abin da ya zama hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci ta NBAIS, wadda ta fara a 1960 a ƙarƙashin gwamnatin Sardauna, ta zauna shekaru a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, kafin tarayya ta amince da ita. Ita da Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, wadda ta fara a matsayin makarantar shari'a a 1934, shaida ne cewa ma'aunin da ya tsiro daga ƙasa ya hau sama yakan yi saiwa.

Sai dai farashin cin gashin kan jihohi ya bayyana ranar da aka sami 'yanci. Yaron Ibadan yana aji, takwaransa na Malumfashi yana kiwo, kuma ƙasa ɗaya za su nemi aiki a cikinta. Wannan tazara ita ce babbar hujjar masu son tarayya ta karɓi ragama, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Kuɗin mai da UPE

Bayan yaƙin basasa komai ya juya zuwa cibiya. Taron manhaja na ƙasa na 1969 ya haifi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977. Janar Gowon ya yi shelar ilimin firamare ga kowa a Sakkwato a 1974, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Satumbar 1976. An yi shirin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo. Adalci ya sa a faɗa cewa ƙauyuka masu yawa a kudancin Katsina ba su taɓa ganin ginin aji ba sai a wannan shiri, kuma da yawa daga cikin malaman jami'o'inmu na yau ta wannan ƙofa suka shigo. Abin da En'e ba ta yi a shekara sittin ba, kuɗin mai sun yi shi a shekara huɗu. Amma an yi shi ne da malaman da aka horar a gurguje, kuma an shuka wa mutane wani tunani da bai fita ba har yau, cewa makaranta kayan gwamnati ce, idan iska ta yaye kwano sai a jira Legas ta aiko.

Sannan abubuwa uku suka haɗu a ɗan tsakani. Tsarin mulkin 1979 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin firamare. A shekarar nan Gwamna Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 23 ga Satumba 1987, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Sokewar ta sauke wa talaka kayan zalunci da ya daɗe yana ɗauka, wannan ba abin musu ba ne. Amma ta bar ƙaramar hukuma ba ta da wani tushen kuɗi nata mai kauri, sai abin da aka yago mata daga sama. Daga nan farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tarayya ta janye hannunta daga firamare. Malamai suka yi watanni ba albashi, iyaye suka kwashe 'ya'yansu.

Abin da ya biyo baya ya isa darasi. A 1988, Farfesa Jibril Aminu yana Ministan Ilimi, Doka ta 31 ta kafa Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa mai mazauni a Kaduna, da asusu na musamman, albashi ya daidaita. A 1991 Doka ta 3 ta rushe hukumar, ta miƙa firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. An ƙara musu kaso daga asusun tarayya, amma kuɗin suka bi wasu hanyoyi, bashin albashi ya taru, yajin aiki ya game ƙasa. A 1993 Doka ta 96 ta dawo da hukumar, aka koma cire albashi tun daga tushe kafin kaso ya isa hannun ciyaman. Sauyi uku cikin shekara biyar a kan yaro ɗaya da bai gama firamare ba. Kuma wannan magani ma ya zo da cutarsa, domin ƙaramar hukumar da ke da malamai da yawa takan wayi gari kasonta ya ƙare a albashi, sai ciyaman ya ga kowane sabon malami a matsayin asara gare shi. Wanda ya ga aji mai yara fiye da ɗari da malami ɗaya a karkara, ga ɗaya daga cikin tushensa.

Dokar 2004

An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004. Wani abin sha'awa ga mai nazarin wannan yanki shi ne, wanda ke kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a lokacin shi ne ɗan majalisar Malumfashi da Ƙafur, Alhaji Aminu Bello Masari, wanda daga baya ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, ya zauna a ɗaya gefen teburin yana neman kuɗin da dokar ta tanada. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin tushe. Babban ɓangaren wannan kuɗi ba ya fita sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa, kuma ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi.

A nan ne nake ganin illar hukuncin zakka ta kama mu. Rabon daidai tsakanin jihar da ke da ƙananan hukumomi 34 da miliyoyin yara, da jihar da ba ta kai rabinta ba, daidaito ne a takarda kawai. Sharaɗin ajiye kwatankwaci kuma yana fifita mai hali a kan mabuƙaci, shi ya sa biliyoyin naira ke kwana a asusun UBEC shekara da shekaru, yara na zaune a ƙasa. Fuƙaha'unmu sun ce a ɗauki dukiya a kai inda buƙata ta fi tsanani, dokar kuwa ta ce a kai inda aka fi iya biyan rabi. Bayan haka kuɗin na gini ne da kayan aiki da horo, ba na albashi ba. Sakamakon shi ne Abuja ke rubuta manhaja ta hannun NERDC, Katsina ke ɗaukar malami da ba da kwangila ta hannun SUBEB, kason Ƙafur ke biyan albashi, uban yaro kuwa, a ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 200,000, bai san wanda zai kama ba idan ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba.

Ƙasar Brazil ta fuskanci irin wannan matsala, ta kafa asusun FUNDEF a 1996. An ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a kashe wa kowane ɗalibi a shekara, kuɗi na bin yawan yaran da ke aji, jihar da ta gaza kai wa ma'aunin tarayya ta cika mata, kuma kashi 60 cikin 100 na malamai ne. Amurka ta tsaya a ɗaya gefen, inda harajin gidaje na unguwa ke ɗaukar kaso mai yawa, unguwar masu kuɗi ta sami makarantar masu kuɗi, kuma Kotun Ƙolinsu ta ƙi rushe tsarin a 1973. Maƙwabtanmu na Maraɗi kuwa sun gaji tsarin Faransa, inda manhaja da malami duk daga Yamai suke, bai kuma hana ƙauyukansu kukan rashin malamai ba. Cibiya kaɗai ba ta warkar da kowa ba.

Inda ma'aunin ƙasa ya yi tuntuɓe

Misalai uku sun shafe mu kai tsaye. Da aka sake fasalin manhajar ilimin tushe aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da ilimin zaman jama'a da na ɗan ƙasa, Musulmi da Kirista duk suka yi ƙorafi, kowa na zargin an yi don a cuce shi, sai da Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta raba su a 2017. Wannan irin abin da Imamu Malik ya guje wa ne. Na biyu, da aka mayar da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka rufe kwalejojin horon malamai masu daraja ta biyu, an ɗaga takarda amma an toshe hanyar da ɗan ƙauye ke bi ya koyi koyarwa tun yana yaro ya dawo garinsu. Na uku shi ne makarantun almajirai na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a Afrilun 2012. An gina fiye da 150, aka miƙa wa jihohi, da yawansu suka zama kufai. An zana su a Abuja, ba a tambayi alarammomi yadda suke so ba, ba a kuma tanadi wanda zai ciyar da yaran bayan an yanke ƙyalle ba. Hukumar almajirai da aka kafa da dokar 2023 za ta ci gado ɗaya idan ta bi hanya ɗaya.

Akwai kuma kalanda, wadda ba a cika kula da ita ba. Zangon farko yana buɗewa a Satumba, ya ratsa girbin masara da yankan dawa da cirar auduga, lokacin da gidan manomi ke buƙatar kowane hannu. Tsangaya ta san wannan tun da daɗewa, ta gina shekararta a kan damina da rani. Ban ga dalilin shari'a ko na hankali da ya sa hutun yaron Ƙafur zai zama daidai da na yaron Fatakwal ba.

Amma kada wannan ya ruɗe mu. Akwai waɗanda ma'aunin ƙasa ne kaɗai garkuwarsu. Yarinyar da mutanen gari suka gamsu a cire ta daga aji huɗu, da ɗan Bamaguje ko ɗan Bahaushe Kirista a ƙauyukan Ƙafur da Malumfashi wanda ke da haƙƙin kada a tilasta masa darasin addinin da ba nasa ba, da ɗan Fulanin rugga da ba ya cikin lissafin kowa, duk waɗannan idan aka bar al'amari ga rinjayen gari za su iya faɗuwa ba wanda ya ji. Musulmin da ke neman a ba 'yarsa damar sa hijabi a makarantar gwamnati a Legas, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2022, da wannan garkuwa yake fakewa. Ba daidai ba ne mu so ta a can mu ƙi ta a nan.

Abin da tarihin ya fi ƙarfafawa

Ra'ayin da na fi karkata gare shi shi ne a daina ɗaukar mas'alar a dunƙule. Albashin malami a tsare shi daga sama, a cire shi tun daga tushe, a raba gwargwadon yawan yara da tsananin buƙata, domin gwajin 1991 ya isa hujja, kuma yajin aikin fiye da wata uku da malaman firamare na Abuja suka yi a 2025 a kan ƙananan hukumominsu ya nuna cutar ba ta warke ba. Ma'aunin ƙasa ya taƙaita a kan abin da ba a jayayya a kansa, wato yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi a shekarun da aka ƙayyade, kuma kada a hana kowa shiga aji, a riƙa auna wannan a fili ana bayyana sakamakon kowace ƙaramar hukuma. Abin da ya rage, kamar lokutan karatu, da yadda za a haɗa allo da boko, da zaɓen malami daga 'yan gari, da ikon dakatar da wanda ba ya zuwa aiki, a mayar da shi kusa da iyaye.

Masu cewa mutanen karkara ba za su iya riƙon makaranta ba, su dubi Islamiyyu. A Funtuwa da Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakaninsu da wuya a sami unguwar da ba ta da Islamiyya da jama'a suka gina da karo-karo, iyaye na biyan kuɗin wata, kwamiti na zama, malamin da ya yi fashi ana tambayarsa washegari. Uban da ke jiran gwamnati ta gyara tagar firamare shi ne ke ɗaukar bulo a kansa ranar aikin gayyar Islamiyya. Raunin waɗannan makarantu shi ne ainihin abin da tarayya ke da shi: malaminsu yana karɓar abin da bai isa cefanen mako ba, kuma da yawansu ba su da ma'aunin da za a gane ko yaro ya koyi abin da aka ce ya koya. A nan jami'o'in Musulunci da sassan nazarin addini ke da aikin da ba sai sun jira doka ba, na tsara gwajin karatu da tajwidi da Larabci ga Islamiyyun yanki guda, da horar da malamansu a lokacin hutu, da rubuta musu yadda ake kafa waƙafin gona ko shago wanda zai riƙa biyan malami ko da damina ba ta yi kyau ba. Ƙaramar hukuma ɗaya ta isa a fara gwaji da ita.